Lambar mota ta ƙarfe a Ingila: doka ta yarda a hau titi da ita?

DanFagge_Leicester ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, ya sanyi ya aiki. Dan Allah ina neman wanda ya san dokar lambar mota a ƙasar nan da kyau ya warware min wani abu, don duk wanda na tambaya da irin amsar da yake ba ni.

Motata Golf ce ta 2016, lambar baya ta tsage daga wajen da aka ɗaure ta, ruwa ya shige ciki har gefen ya fara wani baƙi-baƙi, ga shi MOT ɗina, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, ya kusa, shi ne na ce gara in canza gaba da baya gaba ɗaya in huta. Ina cikin dubawa a intanet sai na ga ana sayar da ta ƙarfen nan, alminiyom, wadda ake danna haruffan da inji su taso sama, irin dai yadda namu na gida suke waɗanda Road Safety ke bugawa, da irin na motocin Jamus. Wlh ta kwanta min a rai, ni tun zuwana ƙasar nan lambar robar nan ba ta taɓa burge ni ba, abu kaɗan ta fashe, kuma ko motar ta kai motar sai ka ga lambar ta rage mata kwarjini.

To matsalar ita ce abokin aikina ya ce kar in kuskura, wai ta ƙarfe haramun ce a titi sai tsofaffin motoci na tarihi, wai 'yan sanda na gani za su tsayar da ni kuma MOT ba zai wuce ba. Wani kuma ya ce min ƙarya ne shi shekara da shekaru yana yawo da ita ba wanda ya taɓa ce masa kanzil. Su masu sayarwar ma wasu sun rubuta ta halatta a titi wasu sun rubuta ta ado ce kawai, kuma a hoto duk iri ɗaya nake ganinsu.

Abin da nake so in sani: ƙarfen ne kansa doka ta hana ko akwai wani sharaɗi? Sannan mai baƙin fenti da haruffa farare masu ruwan azurfa ɗin nan da nake gani a wasu motoci, ita ma zan iya sawa? Ni ba na son abin da zai haɗa ni da hukuma, da motar nan nake kai yara makaranta da ita nake zuwa aiki. Na gode, Allah ya saka da alheri.

AbuKhalid_Luton ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗan uwa shawara ta ka bar maganar nan kawai, ka je shagon kayan mota mafi kusa da kai su buga maka ta roba cikin minti kaɗan ka wuce wajen. Ƙanina ya sa irin ta ƙarfen nan a BMW ɗinsa, an tsayar da shi da daddare, aka yanka masa tarar fam 100 nan take aka ce ya cire ta, ƙarshe kuɗin lambar ya tafi kuɗin tara ya tafi ya sake sayen ta roba. Ni dai a wajena ta ƙarfe ba ta titi ba ce. Kuma ka tuna mu baƙi ne a nan, duk abin da zai sa ɗan sanda ya ƙara kallon motarka sau biyu ba riba ba ne, yau lamba ce gobe ya ce bari ya duba taya ya duba gilashi, kana da aiki kana sauri an ɓata maka safiya. Kwalliyar lamba ba ta kai wannan ba.

Baba_Makanike_Birmingham ya rubuta:

Salamu alaikum. Abu Khalid Allah ya mayar wa ƙaninka da alheri, amma dan Allah ka tambaye shi yaya haruffan lambar tasa suke, don ina da tabbacin ba don ƙarfe aka ci tararsa ba. Yawancin yaran da ke sa wa BMW da Audi lambar ƙarfe irin ta Jamus suke saye, mai salon haruffan Jamus ɗin nan FE-Schrift, wani har da shuɗin layi mai harafin D a gefe da tambarin jiha manne a tsakiya, wannan kam ko da roba aka yi ta laifi ce a motar da ke da rajistar Birtaniya.

Ɗan Fagge saurara ɗana. Dokar da ke kula da wannan ita ce ta 2001 kan yadda ake nuna lambar rajista a jikin mota, kuma ba inda ta ce dole lamba ta zama roba, ba inda ta ce ƙarfe haramun ne. Abin da ta ce shi ne lambar ta cika ma'aunin da ake kira BS AU 145. Daga Satumban 2001 ana aiki da 145d, daga 1 ga Satumba 2021 aka koma 145e. Nan mutane suke ruɗewa, suna zaton shekarar mota ake bi, a'a, ranar da aka yi sabuwar lambar ake bi. Motarka ta 2016 ce, tsohuwar lambarta mai 145d ba laifi in da lafiyarta ƙalau, amma tunda yau za ka sake, dole sabuwar ta zama 145e.

To me ake nema. Fuskar lambar dole ta zama mai mayar da haske idan fitila ta haska ta, fara a gaba ruwan ɗorawa a baya, ba zane ba ado a bayan haruffan. Su kuma haruffan baƙi ne wuluk launi ɗaya, kuma su ba a yarda su mayar da haske ba, ba a yarda su zama masu ciruwa ba. Tasowar haruffa kuwa an yarda da ita, shafin gwamnati ma ya faɗa ƙarara cewa haruffa za su iya zama masu tudu, ka ga ke nan dannawar inji ba ita ce matsala ba. Inda masu arha suke faɗuwa shi ne kawai fenti fari ko rawaya suke fesa wa alminiyom ɗin, a ido da rana ya yi kyau, da daddare ka haska shi ba ya mayar da komai. Ta gaskiya ana manna wa ƙarfen fatar nan mai ƙyalli tukuna kafin a danna haruffan sannan a bi kansu da baƙi.

Sai girman haruffa, kuma wannan ka iya aunawa da kanka da rula idan ta iso. Tsayi milimita 79, faɗi 50 ban da lamba 1 da harafin I, kaurin layin harafi 14, tsakanin harafi da harafi 11, tsakanin rukunin farko da na biyu 33, sannan a bar aƙalla 11 a gefuna. Salon haruffan kuma guda ɗaya ne tak, wanda ake cewa Charles Wright. Injinan buga ƙarfe da yawa daga Turai aka shigo da su da tambarin haruffansu na can, shi ya sa za ka ga lamba an rubuta mata ta Birtaniya ce amma ka dubi 0 da 4 da M ka ga ba namu ba ne.

Abu na ƙarshe kuma shi ne ya fi saurin nuna maka gaskiyar mai sayarwa: a ƙasan lambar ta tsakiya dole a sami sunan wanda ya buga ta da fostkod ɗinsa, a kusurwar dama ta ƙasa kuma a rubuta BS AU 145e tare da sunan kamfanin da ya yi kayan. Ba wannan rubutun, ba lamba, ko da komai nata daidai ne. Kuma ba kowa ke da izinin buga lamba ba, sai wanda ya yi rajista da DVLA, hukumar rajistar motoci da lasisin tuƙi, akwai wajen dubawa a shafin gwamnati ka sa fostkod ya nuna maka masu rajista, wanda ke bugawa ba rajista tararsa na iya kai fam 5,000.

Shi ma'aunin 145e ba wasa ba ne, ana gwada lambar da gogewa da duka da lanƙwasawa da zafi da sanyi da ruwan gishiri, kuma ana duba ko kyamara mai gani da hasken infrared za ta iya karanta ta. Akwai masu yin ta alminiyom da suka tsallake gwajin, suna nan suna sayarwa da sunansu a jiki, sai dai ba su kai masu roba yawa ba kuma kuɗinsu ya fi. Ni a gareji na ga masu kyau na ga na banza, na banzan sun fi yawa nesa ba kusa ba, wannan gaskiyar Abu Khalid ce ba zan ƙwace masa ba.

Tara kuma fam 100 ce ta nan take, in abin ya je kotu tana iya kaiwa fam 1,000.

UmmuSafiyya_Bradford ta rubuta:

Sannu Baba da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya. Bari in amsa ɗaya tambayar tasa da ba a taɓa ba, ta baƙar lamba mai haruffan azurfa, don maigidana yana da tsohuwar Marsandi ta 1978 da yake lallaɓawa kuma mun sha karatun wannan.

Malam wannan ba taka ba ce sam, ka cire ta daga lissafi. Asali motocin da aka ƙera kafin 1 ga Janairu 1973 ne kaɗai ke da ikon sa ta, don daga lokacin ne aka wajabta fara da rawaya masu mayar da haske. A 2015 aka haɗa ta da tsarin motocin tarihi masu shekara 40, sai ya zama duk shekara ana ƙara samun motocin da suka cancanta, har abin ya fara kaiwa motocin da tun fitowarsu ba su taɓa sanin baƙar lamba ba. Shi ne daga 1 ga Janairu 2021 aka tsayar da shi cak: sai motar da aka ƙera kafin 1 ga Janairu 1980, kuma sai an yi mata rajista da DVLA a ajin harajin motocin tarihi. Ko motar 1985 da ta cika shekara 40 ba ta samu ba, balle Golf ta 2016.

Ina ga daga nan ne abokin aikinka ya ɗauko maganar wai ƙarfe na tsofaffin motoci ne kawai, saboda yawancin baƙaƙen lambobin nan da ƙarfe ake yin su, sai mutane suka haɗe abu biyu wuri ɗaya. Launin ne aka keɓe wa tsofaffi, ba ƙarfen ba.

Kuma idan za ka sa tuta a gefe ka kula, tun Janairun 2021 an daina yarda a buga sabuwar lamba da taurarin Tarayyar Turai, sannan daga 28 ga Satumba 2021 UK ake amfani da shi wajen fita waje maimakon GB. Koren layin gefen nan kuma na motocin da ba sa fitar da hayaƙi ne zalla, kamar na lantarki, tun Disambar 2020. Masu buga ta ƙarfe da yawa har yanzu da shuɗin layi mai taurari suke tallata ta, ka ce musu a bar maka gefen fayau.

DanFagge_Leicester ya rubuta:

Kai Masha Allah, Baba na gode, Hajiya na gode ƙwarai, baƙar kam na haƙura da ita. Baba na koma shafin da na fara gani, fam goma sha wani abu ne gaba da baya, ba su nemi wata takarda ba, kawai ka rubuta lambarka ka biya, kuma akwai wajen da za ka zaɓa ko a sa rubutun ƙasan ko a bar shi. A hoton dai haruffan kamar na nan ne. Idan na zaɓi a sa rubutun shi ke nan ta halatta? Sannan wanda na ce muku yana yawo da tasa ya ce sau da yawa ta wuce MOT ba a taɓa ce masa komai ba, to ashe wannan ba hujja ba ce cewa tasa daidai take?

Injiniya_Sokoto_MK ya rubuta:

Bari in shigo kafin Baba ya dawo daga sallah. Ɗan uwa wannan shafin ka rufe shi. Duk mai rajista da DVLA wajibi ne kafin ya buga maka lamba ya ga shaida iri biyu, ɗaya ta ko kai waye, lasisin tuƙi ko fasfo, ɗaya kuma ta cewa lambar taka ce, wato takardar motar V5C ko makamanciyarta, kuma ya ajiye bayanin cinikin. Wanda bai tambaye ka komai ba ya riga ya gaya maka ko shi waye. Kuma rubutun BS AU 145e ba kwalliya ba ce da mai saye zai zaɓa a sa ko a bari, shaida ce cewa kayan sun ci gwaji, wanda zai buga maka shi don ka danna wani akwati to zai buga shi a kan kowane irin gwangwani.

Maganar MOT kuma ita ce ta fi yaudarar mutane kuma ina so a fahimce ta. Mai gwajin MOT yana duba lambar tana nan, a ɗaure take da kyau, tana karantuwa, ta yi daidai da rajistar motar, launi da salon haruffa da tazara ba su kauce ba. Amma littafin aikinsu ya ce ba sai sun duba sunan mai bugawa da fostkod da lambar BS ba. Ka ga mota za ta iya wuce MOT shekara bayan shekara da lambar da ɗan sanda zai ci tara a kanta gobe da safe. Abokinka bai gamu da wanda ya tsuguna ya karanta ƙasan lambar ba ne kawai.

Kuma ni dalilin da ya sa na damu da wannan magana ya wuce tarar fam 100. Ƙasar nan gaba ɗaya da kyamarar karanta lamba take aiki, ANPR, ita ke duba inshora da haraji da MOT, ita ke fakin na manyan kantuna, ita ke ULEZ na Landan, wato yankin da mota mai yawan hayaƙi ke biyan fam 12.50 a rana in ta shiga, wanda aka faɗaɗa zuwa duk unguwannin birnin a Agustan 2023. Saboda haka ne masu laifi suke neman lambar da kyamara ba ta gani ko kuma su kwafi lambar wani, kuma a irin shafukan nan da ba sa tambayar takarda suke bugawa. Mutum yana zaune a Leicester sai takardun tara su fara zuwar masa daga garin da bai taɓa takawa ba, ya kama rubuce-rubuce da aika hotuna yana rantse-rantse cewa ba motarsa ba ce. Duk wanda ya kai kuɗinsa wajen irin waɗannan masu bugawa yana taimaka musu su ci gaba da zama a kasuwa, kuma gobe lambar ɗan uwansa za su buga wa wani. Shi ya sa 'yan sanda suka ƙara sa ido a kan duk lambar da ta fita daban, kuma ni ban ga laifinsu ba.

In kana son ta ƙarfe ka saya, halal ɗinka ce. Ka nemi sunan kamfanin a jerin DVLA, ka tura musu saƙo ka tambaye su kai tsaye ko alminiyom ɗin nasu 145e ne, ka ajiye amsar da rasit a cikin motar. Idan ta iso ka fita da daddare ka haska ta da fitilar waya daga ɗan nesa, fuskar ta yi ƙyalli haruffan su tsaya baƙi.

AbuKhalid_Luton ya rubuta:

Na tambayi ƙanin nawa, haruffan Jamus ne kuma ba rubutu a ƙasa, Baba ya canka. Amma ni har yanzu ina kan bakana ta wani ɓangaren: ko da taka ta cika duk sharaɗi, ba kowane ɗan sanda ne zai gane daga nesa ba, zai iya tsayar da kai ya duba sannan ya sallame ka. Wanda bai damu da wannan ba bismillah. Ni mai tuƙin haya ne, lasisina a hannun kansul yake, roba zan ci gaba da sawa.

Baba_Makanike_Birmingham ya rubuta:

Injiniya ya gama magana, Allah ya yi albarka. Abu Khalid kai ma uzurinka karɓaɓɓe ne, mai haya gara ya zauna inda ba tambaya.

Ɗan Fagge saura ɗaurawa, don nan ma ana ɓata lamba mai kyau. Kar ka huda ta kusa da harafi, doka ta hana kan sukuru ya canza kamannin harafi ko lamba, in dole sai ka huda to ka sa murfi mai launin wajen, fari a fari rawaya a rawaya. Ni na fi son gam mai fuska biyu ko firam da ake zura lambar a ciki, saboda duk inda ka huda alminiyom nan ruwan gishirin da ake zuba wa titi lokacin sanyi zai shiga ƙarƙashin fatar ta fara kumbura, musamman in sukurun na baƙin ƙarfe ne. In firam za ka sa ka tabbata bai rufe rubutun ƙasan ba, kuma kar ka ɗora mata wani murfi mai duhu. Bambar gaban Golf tana da ɗan lanƙwasa, ka lanƙwasa lambar a hankali da hannu kafin ka manna, kar ka danna ta da ƙarfi a tsakiya, ƙarfe in ya lotsa ba ya komawa kamar roba. Ka goge wajen da sabulu ya bushe sarai, kuma in ana tsananin sanyi ka ɗan ɗumama gam ɗin tukuna in ba haka ba ba zai kama ba.

In MOT ɗin ya matso kafin ta iso, ka sa ta roba a baya ka je gwajin, tsagaggiyar da ruwa ya shiga ɗin nan tana iya faɗar da kai in ta taɓa haruffan.